Gero, dawa ko masara: wane iri ya dace da garkar bayan gida?

Duk shekara, da zarar hadari ya fara haɗowa a gabas wajen ƙarshen watan Mayu, sai masu 'yan filaye a cikin gari su fara shawarar abin da za su zuba a ƙasa. Wani kango gare shi da bai samu halin ginawa ba, wani kuma ɗan sarari ne tsakanin ɗaki da katanga. Kuɓewa da yakuwa da rama kowa ya san yadda zai yi da su. Hatsi ne ke sa mutum tsayawa a gaban mai sayar da iri yana jujjuya leda, bai san wadda zai ɗauka ba. Na yi damina shida ina noma wani fili mai mita 10 tsawo da mita 10 faɗi a gefen gidanmu, kuma na gwada gero da dawa da masara a cikinsa, har da alkama sau ɗaya da rani.

Kafin a fitar da kuɗi, a fara da lissafi. Fili irin nawa kashi ɗaya ne cikin ɗari na hekta. In an kula da shi sosai, masara za ta iya ba da kilo 25 zuwa 35, dawa kilo 15 zuwa 20, gero kuwa kilo 10 zuwa 15. Da kwanon awon da arba'in ɗinsa ke cika buhu, geron nan bai wuce kwano huɗu zuwa shida ba. Gida mai mutum takwas zai cinye shi cikin 'yan kwanaki. Saboda haka wanda yake so ya cika rumbu, gona zai nema. Amfanin garka shi ne ta ba ka abin da kasuwa ba ta iya ba ka yadda kake so: masarar da aka karya yanzu aka ɗora a garwashi, tumun gero mai ɗumi, takandar da yara za su sha, da kuma iri mai kyau da ka san asalinsa. Da wannan ma'auni nake auna kowanne.

Masara ce zaɓina na farko, kuma ba na ɓoyewa. Babban dalili shi ne tsuntsaye. Ƙwayar masara a lulluɓe take cikin ɓawo, ƙananan tsuntsaye ba sa iya yi mata ɓarnar da suke yi wa gero. Na biyu, ba sai ka jira ta bushe ba. Iri mai saurin nuna yana ba da ɗanyar masara wajen kwana 65 zuwa 70, ka ci a hankali, goyo biyar yau, goma gobe, babu sussuka babu shiƙa. A fili irin nawa, in ka bar santimita 75 tsakanin kunya da kunya, da santimita 25 tsakanin shuka da shuka, za ka samu tushe fiye da 500, kuma giram 200 na iri ya ishe ka. Kada ka yarda a sayar maka da babbar leda in akwai ƙarama, ko kuma ku haɗa kuɗi da maƙwabta ku raba.

Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru da ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka fi sani da IAR, ita ke fitar da ire-iren masara masu sunan Sammaz. Sammaz 27 fara ce mai nuna cikin kamar wata uku, tana jure fari da ciyawar wuta-wuta. Sammaz 28 da 29 sun fi ta sauri, su ne suka dace da wuraren da damina ke da gajarta, irin su arewacin Kano da Katsina da Jigawa. Sammaz 15 ta fi su daɗewa amma ta fi yabanya, ta dace da Zariya zuwa kudu. Waɗannan duka ana iya ajiye irinsu a sake shukawa shekara biyu ko uku. Akwai kuma masara mai aure, wato wadda aka samar ta hanyar haɗa iri biyu daban, irin su Oba Super 2 ta kamfanin Premier. Ita ta fi yawan amfani in ta ƙoshi da taki, amma ta fi tsada, kuma in ka ajiye 'ya'yanta ka shuka badi, amfanin zai ragu, tsayin ma ya bambanta. Ga mai garka, ni ba na ganin hikimar sayen mai aure sai dai in ƙasarsa na da ƙarfi ƙwarai kuma ba ya da niyyar ajiye iri.

Masara tana da sharuɗɗanta. Mai ci ce, ba ta yafe yunwa. Ƙasar da ba a zuba mata takin gida ba, ko kashin kaji da ya ruɓe, za ta ba ka kara siriri da ganye rawaya. Tana son takin zamani na NPK cikin mako biyu na farko, sannan yuriya wajen mako biyar, a binne shi gefen tushe kada ya taɓa kara. Ba ta son inuwa, don haka in akwai darbejiya ko mangwaro da ya rufe rabin filin, a canza shawara. Sai abin da mutane da yawa ba su sani ba: iska ce ke ɗaukar ƙurar furen da ke saman kara ta zuba a kan gashin goyo, kowane silin gashi kuma ƙwaya ɗaya yake wakilta. Wanda ya jera masara layi ɗaya dogo a jikin katanga zai ɓare goyo ya tarar da totuwa mai giɓi. A shuka ta a dunƙule, aƙalla kunya huɗu kusa da juna, ko da gajeru ne.

Tun 2016 da tsutsar nan mai cin zuciyar masara ta shigo Najeriya, babu mai noma masara da bai san ta ba. A babbar gona sai da feshi. A garka kuwa kana da abin da babban manomi ba shi da shi, wato ido a kan kowane tushe. Da safe bayan sallar asuba ka zaga, duk inda ka ga ganye ya huje da kashin tsutsa kamar garin katako, ka leƙa ƙoƙon ganyen ka cire ta da hannu, ka zuba ɗan toka gauraye da rairayi. Wannan ya fi mini kwanciyar hankali a wurin da yara da kaji ke kai-komo.

Gero shi ne wanda zuciya ta fi so, domin shi ne fura, shi ne kunu, shi ne abin da iyayenmu suka taso a kai. Kuma a ƙasa mai rairayi, mara ƙarfi, inda ruwa bai cika yawa ba, babu mai ja da shi. Mutumin Maradi ko Damagaram ko Daura da ba shi da ruwan ban ruwa, geron ne dai nasa. Irin da ake buƙata ɗan kaɗan ne, giram 50 ya wadatar da fili irin nawa. Sosat shi ne ingantaccen irin da ya fi yaɗuwa a arewacin Najeriya, yana nuna cikin kamar wata uku, zangarniyarsa a cike take dam. Cibiyar binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri ta fitar da Super Sosat bayansa, da kuma Jirani wanda ya fi su saurin nuna. A Nijar HKP ne sananne, kuma a 2018 aka fitar da Chakti, wanda ƙwayarsa ke da sinadarin ƙarfe mai yawa, abin da ke taimaka wa mata da yara masu ƙarancin jini. Wajen taki, gero ba ya da tsada: cikin murfin kwalbar lemo ɗaya na NPK, wato kamar giram 6, a kowane rami, dabarar da masu bincike na ICRISAT, cibiyar binciken amfanin gona ta ƙasa da ƙasa, suka yaɗa a Nijar.

Matsalarsa ɗaya ce, amma babba ce. Daminar farko da na shuka gero, ya yi kyau har masu wucewa na tsayawa su duba. Da ƙwaya ta fara yin madara sai tsuntsaye suka gano shi. Cikin mako guda zangarniyoyi suka koma ƙaiƙayi. Abin ya yi mini zafi ƙwarai. A karkara gonaki dubu ne ke nuna lokaci ɗaya, ɓarnar ta rarrabu a kan kowa. A cikin gari kuwa garkarka kaɗai ce a unguwa, duk tsuntsun da ke kusa wurinka zai yi kalaci. Iri mai saurin nuna ya fi shan wannan wahala, don shi ke fara nuna kafin ciyawar daji ta yi 'ya'ya. Gwangwani da tsumma da mutum-mutumi na kwana biyu ne, sun saba da su. Abin da ya yi mini aiki shi ne rufe zangarniya. Bayan fure ya zube, ƙwaya ta fara kamawa, sai a yayyanka tsohon gidan sauro a ɗaure wa kowace zangarniya, ko a haɗa uku-uku. Kada a rufe kafin fure ya gama, kuma kada a yi da leda, domin gumi zai ruɓar da ita. In ba za ka iya wannan hidima ba, kada ka sayi irin gero. In za ka iya, kunya uku ko huɗu sun isa a sha tumu a kuma ajiye iri.

Maiwa ba ta dace da garka ba a ganina. Sai ƙarshen damina take fitar da kai, ta tsare fili wata huɗu ko biyar.

Dawa ma tana da irin wannan aibi. Kaura da farafara na gargajiya dogaye ne, suna wuce katanga, kuma ba sa nuna sai iskar kaka ta busa. A tsawon wannan lokaci filin ya zama duhuwa, maƙwabta su fara maganar sauro da macizai, kuma suna da gaskiyarsu. Wanda ya nace sai dawa, ya nemi gajera mai sauri cikin jerin Samsorg na Samaru, kamar Samsorg 40 ko 45, ya kuma shirya rufe kawunan kamar na gero, don farar dawa mai daɗi tsuntsu na sonta. Amma akwai 'yan uwan dawa guda biyu da na fi ganin darajarsu a gida fiye da ita kanta. Ɗaya takanda, wadda ake shan karanta kamar rake. Tushe ashirin a gefen fili sun isa su faranta wa yaran gida rai, kuma ba kasafai ake samunta a kasuwar birni ba. Ɗayan karan dafi, mai jan kube, wanda dukawa ke rina fata da shi, a Gana kuma da shi ake dafa shinkafa da wake ta yi ja. Irin waɗannan biyu ba a kanti ake samunsa ba. Sai an tambayi tsofaffi a ƙauye, kuma yana raguwa shekara bayan shekara. Duk wanda ya samu ya shuka ya ajiye, ya yi abin kirki.

Acca tana burge masu neman abinci mai sauƙi a ciki, amma ƙwayarta ƙanana ce ƙwarai, surfenta da rairayarta aiki ne na wanda ya gada. In ba a Filato ko kudancin Kaduna ko Bauchi kake ba, kuma babu wadda ta iya gyaranta a gida, saya a kasuwa ya fi. Alkama kuwa ta rani ce. Ana shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba don ta ci sanyin hunturu, kuma tana son ban ruwa a kai a kai har wata uku. Mai rijiya ko burtsatse zai iya gwadawa, ya samu ta alkaki a gida. Mai sayen ruwa a jarka kada ya fara.

Inda za a sayi irin ma yana da muhimmanci kamar irin kansa. Hatsin ci da ake aunawa a kwano ba iri ba ne. Wataƙila ya shekara biyu a sito, wataƙila gauraye ne, wataƙila 'ya'yan mai aure ne. A nemi leda a rufe, mai sunan iri da sunan kamfani da shekarar da aka noma shi, da tambarin hukumar kula da iri ta ƙasa, NASC. Wasu ledojin suna da wurin kankarewa a tura lamba ta waya don a tabbatar ba jabu ba ne. A Nijar a tambayi masu sayar da irin da ya fito daga INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta ƙasar. Duk inda ka saya, ka yi gwaji mako guda kafin shuka: ƙirga ƙwaya 20, naɗe su a jiƙaƙƙen tsumma, ajiye a inuwa kwana biyar. In waɗanda suka tsira ba su kai 17 ba, ka ƙara yawan ƙwaya a rami ko ka mayar da ledar.

Irin da ka gani ja ko shuɗi, magani aka shafa masa don kare shi daga ƙwari da cutar ƙasa. Guba ne. Ragowarsa kada ta shiga kicin, kada a watsa wa kaji, a ɗaure a rataye inda hannun yaro ba zai kai ba. Haka kuma a duba tarihin filin. Kangon da aka daɗe ana zubar da batura da baƙin mai a cikinsa, ko wanda ruwan kwata ke kwanciya, bai kamata a ci abin da ya fito daga cikinsa ba sai an kwashe ƙasar sama an kawo wata.

Bana ga yadda na raba nawa. Kunya takwas na Sammaz 27, huɗu da ruwan shuka na farko, huɗu bayan mako biyu, don kada duka su nuna rana ɗaya. Kunya uku na Sosat a ɓangaren da ya fi rairayi, tsohon gidan sauro kuma na riga na yanka na ajiye. Takanda layi ɗaya ta arewa, inda inuwarta ba za ta dami sauran ba. Idan masarar farko ta fara goyo, zan soka wake a tsakanin tushenta, ya ci sauran damshin damina bayan an sare kara.