Hoton Marilyn Monroe, 'yar fim ɗin Amurka, bugun Sunday B. Morning (kamfanin da ke sake buga zanen Andy Warhol), ya cancanci kuɗinsa?

Gaskiya bugun nan ya yi kyau sosai. Takardar mai kauri ce, inci 36 kowane gefe, kuma da rariyar siliki aka buga shi kala bayan kala ba firinta ba, in ka matso kusa za ka ga inda jan leɓen ya ɗan zarce layi, gashin ruwan ɗorawa sai ƙyalli yake. Wannan zarcewar ita nake so wallahi, don Andy Warhol, mai zane ɗan Amurka, ya fara zana fuskar ne a 1962 bayan rasuwarta, yana nuna yadda shahara ke maida mutum haja ana ta buga shi kamar tallar sabulu.

Amma fa kar wani dillali ya ce maka jari ne. Na asalin da Warhol ya fitar a 1967 kwafi 250 ne kowane launi, da sa hannunsa. Wannan kuwa hatimi ne shuɗi a baya, kuɗinsa 'yan ɗaruruwan dala. Wanda aka sayar dala miliyan 195 a gidan gwanjo na Christie's a 2022 zane ne na 1964 a kan kyalle, hanyarsu ma ba ɗaya ba.

In don bangon falo ne ka saya, sai dai a sa masa gilashi a nisanta shi da rana don kalar na koɗewa.