Allon L298N ya tsayar min da injin naɗe waya cak

Sana'ata naɗin kwayil ɗin fanka da taransifoma, kuma injin da nake naɗi da shi ni na haɗa abina: ƙaramin moto mai bolt 12, taransisto ɗaya, da diyod a gefe. Matsalarsa, in na ɗauke wuta ba ya tsayawa nan take. Sai ya ci gaba da juyi, ya ƙara min zagaye uku ko huɗu, siririyar wayar tagulla ta saki ta harɗe. Wanda ya taɓa zama da daddare yana warware waya mai kaurin gashi ya san baƙin cikin nan.

Sai na sayi L298N, ɗan jan allon nan na sarrafa moto mai ɓangare biyu, kowanne na moto ɗaya, mai baƙin ƙarfen shan zafi. Taransisto huɗu ke riƙe da kowane moto, a jere kamar harafin H. In ka bar ENA (ƙafar allon da ke kunna ɓangaren moton) a kunne, ka sauke IN1 da IN2 (ƙafafun da ke zaɓar inda moton zai juya) zuwa bolt sifili tare, bakunan moton biyu sun haɗe ke nan, wutar da yake haifarwa da kansa ita ke juyowa ta taka masa birki. Ranar farko ƙirgen zagayen ya tsaya a 450 daidai, wallahi har na kira yaron shagona ya gani.

Kashe ENA kuwa sakin moton ne ya yi ta gudu. Kwana biyu na yi ina wannan kuskuren.

Allon yana cinye wajen bolt 2, shi ya sa gudun ya ɗan ragu, kuma ƙarfen yana ɗaukar zafi. Amfiya 2 ce iyakar kowane ɓangare, kada a ɗora masa babban moto.