Ejan ya kyauta a masauki, amma direbansa ya sa 'yan gaba suka wuce mu a Cape Epic

Ga 'yan uwa masu fita da keke da asubar Lahadi a nan Legas, musamman waɗanda ke tara kuɗi don su je su ga Cape Epic, tseren kekuna na Afirka ta Kudu, da idonsu: wannan sharhi a kan tsarin tafiyar 'yan kallo ne, irin wanda wani ejan tafiye-tafiye na wajen Ikeja yake tallatawa. Kun san abin da tikitin jirgi yake ci yanzu, don haka ba sai na taɓo kuɗi ba.

Gaskiya ta ɓangaren takardu ba ni da abin cewa. Biza ta fito a kan lokaci, ya tuna mana da katin rigakafin shawara wanda ba a shiga Afirka ta Kudu daga Najeriya ba tare da shi ba, kuma ya bar tazara mai kyau a Johannesburg tsakanin jirgin Legas da na Cape Town. Masauki tsaf, ruwan zafi akwai, abincin halal bai yi wuya ba tunda akwai Musulmi da yawa a birnin. Har adafta ya saya mana, saboda soket ɗinsu mai ƙafa zagayayya ne, filoginmu mai faɗi ba ya shiga. Da a nan aka tsaya da sai in ce kowa ya nemi mutumin nan.

Amma ba barci ya kai mutum can ba. Cape Epic tsere ne na kwana 8 da ake yi, galibi a watan Maris, a yankin Western Cape tun 2004, mutum biyu-biyu ake shiga, kuma doka ta hana abokan hawa su raba juna da fiye da minti 2. Jimlar tafiyar kan kai kilomita 600 zuwa 700, kusan duk a cikin gonaki, daji da kan duwatsu. Ba fili ba ne da za ka zauna a kujera suna zagayowa ta gabanka. Sau ɗaya suke bi ta kowane wuri, in sun wuce sun wuce. Saboda haka abin da ɗan kallo yake saya a wurin ejan, a zahiri, mota ce da direban da ya san hanya ya kuma san agogo. A nan kuwa aka ci amanarmu.

Lissafin ba wuya. Galibi da ƙarfe 7 na safe ake sakin manyan 'yan tsere. Na gaba suna cin kamar kilomita 22 zuwa 25 a awa duk da hawa, don haka in wurin shan ruwa yana kilomita 50, wajen ƙarfe 9 ko da 'yan mintuna za su iso. Kai kuma sai ka riga su da aƙalla rabin awa, domin wurin ajiye mota yana iya zama nesa, ka taka da ƙafa a cikin ƙura. An yi mana alkawarin mota ƙarfe 5 da rabi. Direba bai zo ba sai da gari ya waye tangaran, kusan lokacin da ake sakin mahaya. Ga shi ɗan cikin birni ne, aikinsa ɗaukar baƙi daga filin jirgi, bai taɓa bin tseren nan ba. Taswirar waya kawai ya dogara da ita, ita kuwa ba ta san an rufe hanya ba. Ta kai mu daidai inda hanyar tsere ta ratsa titin gona, ma'aikacin da ke riƙe da tuta ya tare mu, kuma da gaskiyarsa, aikinsa ke nan. Muka juya, muka yi dogon zagaye ta kwalta. Muna cikin mota muna hango jirgi mai saukar ungulu yana shawagi can kan tudu, kowa kuma ya san shi yake bin 'yan gaba da kyamara. Kafin mu iso, masu rigar rawaya, wato jagororin maza, sun daɗe da wucewa, haka masu rigar ruwan lemo na mata.

Abin da ya ƙara ƙona rai, maimakon ya juya da mu kai tsaye wurin ƙarewa, sai ya ce a gwada wurin kallo na gaba. Duk wanda ya san tseren nan zai gaya maka ba a bin 'yan gaba a baya da mota, yanke musu ake yi ta gaba. Wuri ɗaya a tsakiyar hanya, sai layin ƙarshe, shi ne iyakar abin da rana ɗaya take ɗauka. Aka rasa na biyun, aka kuma isa layin ƙarshe an riga an gama karrama waɗanda suka ci. Rana mafi tsawo da hawa a makon ke nan, wadda ake jira a ga wa zai karye, ta tafi a cikin mota.

Shi tseren kansa ba shi da laifi ko kaɗan, ma'ana in ka tsaya a inda ya dace. Washegari da muka haɗa kuɗi muka ɗauki wani direba ɗan yankin, mun ga abin da waya ba ta nunawa. Wani mahayi ya tsaya taku kaɗan daga gabanmu, ƙaya ko kaifin dutse ya huda tayar baya, farin ruwan toshe huda yana fesowa a ƙafarsa. Tayoyinsu ba tib a ciki. Ya ɗora yatsa a kan ramin, abokinsa ya riƙe masa keken, ya soka ɗan zaren roba da abin sokawa, ya ɗaura ƙaramin gwangwanin iska a bawul, fuuu, taya ta miƙe. Ko minti ɗaya ba a yi ba sun hau. Ba wanda ya miƙa musu hannu, kuma kada ka kuskura ka miƙa, domin taimako daga waje in ba a wuraren da aka ware ba yana jawo musu hukunci. Daga kusa za ka ga kekunan: taya inci 29, giya 12 a baya ɗaya a gaba, shokazoba gaba da baya, ga sirdin da ake dannawa ya sauka in an zo gangara. Fuskokinsu kuwa ƙura ta rufe, sai shatar tabarau.

Wanda zai je ya riƙe waɗannan. Tsaya a kan hawa mai tsauri, can suke rage gudu har ka ji numfashinsu. A gangara ƙiftawar ido ce kawai. Kada ka tsaya a bayan kwana, in taya ta zame kanka za ta yo. Ruwa lita 2 ga kowane mutum, hula mai faɗi, da rigar sanyi ta safe, don asubarsu da sanyi, rana kuma ta buɗe da zafi sosai. Sayi layin waya na can tun a filin jirgi saboda bin mahaya kai tsaye a intanet, amma sauke taswirar ranar tun da dare, sabis yana ɓacewa a tsakanin duwatsu. Agogonsu yana gaban namu da awa ɗaya. Sansanin tsere sau da yawa a gonakin inabi yake, inda ake yin giya, sai ka tafi da guzurinka da dardumarka. A duba kalanda kuma, a 2024 da 2025 cikin azumi tseren ya faɗo.

Da na zauna rubutun nan niyyata in ce tsarin ejan rabi da rabi ne, amma da na sake duba takardar da ya ba mu sai raina ya sake ɓaci. Akwai layin kuɗi da ya kira na shiga wurin kallo, alhali a bakin hanya ba wanda ya tambaye mu tikiti. Akwai na ɗan rakiya masanin tsere, ba mu ga ko inuwarsa ba. Da aka yi masa magana a WhatsApp sai ya ce rufe hanya ba daga gare shi ba ne, bayan wuraren kallo da hanyar zuwansu masu shirya tsere suna fitar da su tun kafin a fara. Ko kuɗin direban da muka ɗauka da kanmu bai mayar ba, kuma tun da muka sauka a filin jirgin Murtala Muhammed ya daina ɗaga waya. Biza da masauki ku iya ba shi. Mota kuwa ku nemi ɗan Stellenbosch ko Wellington, garuruwan yankin tseren, wanda ya taɓa bin tseren, ku tambaye shi ƙarfe nawa 'yan gaba za su isa wurin shan ruwa na biyu. In ya tsaya inda-inda, ku nemi wani.