Rigar kare mai rufe jiki: ta rage raunuka, amma a duba ɗinkinta

Karyata tana da cutar Ehlers-Danlos, wadda ake gada daga iyaye. Sinadarin kolajin da ke riƙe fata ne bai ginu daidai ba, shi ya sa fatarta ke miƙewa fiye da ƙima, ɗan karce kaɗan sai ya wage baki, ko da jinin ba yawa. Likitan dabbobi ya ɗago fatar gadon bayanta ya auna tsayin fatar da ya ɗago, ya kwatanta da tsawon jikinta daga ƙeya zuwa gindin wutsiya. A kare, idan tsayin fatar ya haura kashi 14.5 cikin ɗari na tsawon jikin, akwai alamar cutar. Magani dai babu, sai kiyayewa. Likitan ne ya ba ni shawarar wannan riga mai rufe jiki har ƙafafu.

Gaskiya ta yi aiki. Yawancin raunukanta daga farcenta suke zuwa idan tana susa, yanzu kuwa yadin ne ke shan karcen. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ɗinke irin wannan fata wahala ne, zaren yakan keta naman ya fita, tabon da ya rage kuma siriri ne, ba wuya ya sake buɗewa. Yadin mai laushi ne, yana shan iska, kuma an bar wurin da za ta yi fitsari ba sai an tuɓe mata ba.

Inda na ga gazawa shi ne ɗinkin ciki. Wanda ya tsara rigar, da alama lafiyayyen kare da aka yi wa tiyata ya sa a gaba. Ɗinkin hammata yana da kauri, ya goge mata fata har ta yi ja, dole na koma sa mata ita a bai-bai. Maɗaurin nan mai ƙaya-ƙaya da ke mannewa shi ma na cire, na sa maɓalli, don yana kama gashi ya ja fata. Ga sawa da cirewa: sai a hankali ƙwarai, tunda wasu masu cutar gaɓoɓinsu ma a sake suke, ba a fizgar ƙafa.

Kai da kunnuwa a buɗe suke, don haka yanke farce da raba ta da karnuka masu wasan cizo suna nan yadda suke. Mai son saye ya ɗauki biyu saboda wanki, ya riƙa tuɓe ta kullum yana duba fatar, kada rauni ya ɓuya a ƙarƙashi har ya yi ruwa.