PS5, Xbox ko kwamfutar gem: kafin ka zuba kuɗinka ga lissafin da ya kamata ka yi

Duk wanda ya ɗan tara kuɗi yana son ya ajiye PS4 ya hau na gaba sai ya ci karo da mutane kashi biyu, masu cewa malam kawai ɗauki PS5 ka huta, da kuma 'yan kwamfuta masu cewa ai wannan asarar kuɗi ce, haɗa PC ka ga yadda ake buga gem. Kowa da gaskiyarsa, amma yawancin gardamar nan daga bidiyon Turawa aka kwaso ta, mutanen da ba a ɗauke musu wuta kuma ba sa ƙirga giga nawa ya rage musu kafin ƙarshen wata. Namu lissafin daban ne, kuma ni a ganina ƙarfin na'ura shi ne abu na ƙarshe da ya kamata ka duba.

PS5 da Xbox Series X duk a Nuwamban 2020 suka fito, duk a kan dala 499, kuma kayan cikinsu 'yan gida ɗaya ne, kamfanin AMD ne ya yi musu firosesar Zen 2 da girafik na RDNA 2, ram giga 16 kowanne. A takarda Xbox ya ɗan fi ƙarfi, teraflop (ma'aunin ƙarfin girafik) 12 shi kuma PS5 10 da 'yar ɗoriya, amma in aka kunna maka gem ɗaya a talabijin biyu aka ɓoye hannuwan bugawa, wallahi da wuya ka ce ga wannan ga wancan. Abin da za ka ji a jikinka tun ranar farko shi ne SSD, wato ma'ajiya mai saurin gaske, wannan dogon lodin na PS4 da har ka iya tashi ka sha ruwa ka dawo bai gama ba, yanzu daƙiƙu ne. Akwai kuma ƙaramin, Series S, da ya fito a dala 299, ba shi da wajen saka kaset, ram ɗinsa giga 10, ma'ajiyarsa 512 wadda abin da ke zama naka bai ma kai 400 ba. Zan dawo kansa don yana da wani amfani da mutane ke rainawa.

Da can in na'urar gem ta shekara uku huɗu kuɗinta sauka yake yi, wannan karon hawa ya yi. A 2025 PS5 mai kaset ya koma dala 549 a Amurka, Series X kuma sau biyu aka ƙara masa a shekarar har ya kai 649. PS5 Pro da ya fito a Nuwamban 2024 a dala 699 aka sa shi, kuma babu wajen kaset, sai ka sake biya daban. Kuɗin naira ba zan ma faɗa ba tunda dala yake bi, farashin safe daban na yamma daban, gara ka tambayi shago uku a rana ɗaya.

To nawa za ka kashe ka haɗa kwamfutar da za ta yi daidai da PS5? A nan ne 'yan PC ke yin shiru. Girafik kad ɗin da zai ba ka irin wannan aikin wajen RX 6700 ne ko RTX 3060 zuwa 4060, ita RTX 4060 kaɗai dala 299 aka sa mata da ta fito a 2023. Ba ka sayi firosesa ba, ba madabod, ba ram, ba SSD, ba fawa saflai, ba akwati, ba sikirin da kibod da mawus. Sannan a ƙarshen 2025 kuɗin ram ya yi tashin gwauron zabo saboda manyan kamfanonin AI sun wawashe kasuwar. Da sabbin kaya dai ba za ka haɗa abin da ya kai PS5 a kuɗin PS5 ba, wannan ba abin musu ba ne. Dalilin kuwa Sony da Microsoft ba a jikin na'urar suke neman ribarsu ba, suna sayar da ita da ƙaramar riba ko ma faɗuwa don sun san duk gem ɗin da ka saya a shagonsu suna da kusan kashi 30 cikin 100, ga kuɗin rajistar onlayin a kai.

Maganar 4K da ke jikin kwali kuma a bi ta a hankali. Yawancin manyan gem zaɓi biyu suke ba ka, ko hoto mai kyau sosai a firem 30 (hotuna 30 a daƙiƙa), ko motsi mai santsi a firem 60 amma an rage kaifin hoton, kuma ko wanda ake kira 4K ɗin sau da yawa ƙaramin hoto ne na'urar ta buɗa shi ya cika sikirin. Firem 120 akwai shi a wasu gem amma sai talabijin ɗinka na iya ɗauka. In TV ɗin ɗakinka irin inci 32 ko 43 ɗin nan ce ta 1080p, don Allah kar ka sayi Pro, ba abin da za ka gani, kuɗin bambancin ka sayi hannu na biyu da kaset uku ya fi maka. Kwamfuta mai tsada ta wuce su duka nesa ba kusa ba, firem 144 ko sama, ga DLSS na Nvidia da ke ƙara gudu ba tare da hoton ya lalace sosai ba, ga mawus wanda a gem ɗin harbi hannu ba ya kamo ƙafarsa. Amma fa mai tsadar. Matsakaiciya mai kad ɗin giga 8 ta fara shan wahala a wasu sabbin gem, sai ka koma rage saitin kana gwada wannan kana kashe wancan, wani yana jin daɗin wannan ƙwaƙule-ƙwaƙulen, wani kuma so yake ya dawo daga kasuwa ya danna maɓalli ya buga wasa biyu ya kwanta.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar, wuta. PS5 in tana cikin aiki wajen wat 200 take ja, Series X ƙasa da haka kaɗan, Series S kuwa ba ta ma kai 100. Matsakaiciyar kwamfutar gem ka sa 300 zuwa sama ban da sikirin, irin su RTX 4090 kad ɗin kaɗai an rubuta masa wat 450. In kana kan sola da inbata ƙarama wadda ke riƙe da fanka da ƙwan fitila da cajin waya, wannan bambancin shi ne tsakanin ka yi wasa har sha biyun dare da batir ya yi ƙara tun ƙarfe tara. Shi ya sa na ce kar a raina Series S, mai ƙaramin sola ita ce ta dace da shi, gem ɗin ƙwallo na FC da Fortnite da GTA duk tana bugawa. Ko wanne ka saya kuma kar ka jona shi kai tsaye a ƙaramin janareto, wutarsa hawa da sauka take, nemi sitabilaiza ko UPS tun ranar da ka sayo. PS5 ba ta son a ɗauke mata wuta bagatatan, in ta dawo sai ta tsaya gyaran ma'ajiya, yau da gobe wata rana sabin ɗinka, wato ajiyar inda ka tsaya a gem, ne zai tafi, don haka in wutar unguwarku ba tabbas ka riƙa kashe ta gaba ɗaya maimakon barinta a yanayin barci. Sai zafin bazara da ƙurar hunturu. Murafun PS5 suna cirewa da hannu kuma akwai ramukan da aka yi don zuƙe ƙura, kwamfuta ita ma a buɗe a hure ta, wanda ya kulle na'urarsa a cikin durowar TV don kar yara su taɓa shi ne zai fara zuwa wajen mai gyara.

Data ma haka. Call of Duty kaɗai yana wuce giga 100, ga afdet da ba ya ƙarewa. Kaset ba ya raba ka da afdet amma yana rage maka babban kaso, kuma in ka gama ka sayar ko ku yi musanya da aboki, shi ya sa in PS5 za ka saya ni mai kaset zan ce ka ɗauka ko da ta ɗan fi tsada. Series S da PS5 marar kaset komai sai ka sauke, to ka ga arhar nan tana iya komawa ciki in ba ka da intanet marar iyaka. Kwamfuta ita ma saukewa ce, sai dai Steam, shagon gem na kwamfuta a intanet, na bari ka kwafo fayilolin gem daga kwamfutar wani in dai kai ma ka saya a akawun ɗinka, ya duba ya cike abin da ya rage. Gem ɗin sata da ake zubawa a hadis kuwa kowa ya san da su, amma ba onlayin, kuma da yawa suna tafe da bairos.

Inda kwamfuta ke rama kuɗinta shi ne a tsawon shekaru. Buga onlayin a PS5 sai da PS Plus, rajistar Sony wadda a 2023 aka kai mafi ƙanƙantarta dala 79.99 a shekara a akawun ɗin Amurka, ka lissafa na shekara biyar ka ga dala 400 ta tafi, ban da gem na kyauta irin eFootball da Fortnite da Warzone da ba sa buƙata. A PC ba ka biyan sisi don shiga onlayin, Steam na yin ragi mai yawa sau da dama a shekara, shagon Epic na raba gem kyauta duk mako, kuma in ka sayi gem a Steam bai yi maka ba za ka iya neman kuɗinka cikin kwana 14 in ba ka buga awa 2 ba. Game Pass na Xbox da ake ta yabo, rajistar wata-wata da ke buɗe maka tarin gem, shi ma an kai babbansa dala 29.99 a wata a Oktoban 2025. Ka kuma sani babu Najeriya a jerin ƙasashen PlayStation, akawun ɗin Amurka ko Ingila ake buɗewa ana loda shi da katin kuɗi, kuma ƙarin kayan gem da za ka saya dole yankin akawun ya dace da yankin kaset ɗin, mutane da yawa sun yi asarar kuɗi a nan.

Amma tsakani da Allah me za ka buga? Mafi yawanmu ƙwallo ce, FC ɗin da ya gaji FIFA tun 2023 ko eFootball, mutum biyu a kan kafet ana ihu ana tsokana. Wannan aikin PS5 ne, abokanka can suke, manyan gasannin FC a kanta ake yi, in hannu ya lalace ko ina za ka samu, in kuma gidan gem za ka buɗe kar ma ka tsaya tunani, yara PS suke tambaya. GTA 6 ma a PS5 da Xbox Series aka sanar da shi ba a ambaci PC ba, kuma halin Rockstar ne, kamfanin da ke yin sa, GTA 5 ya fito 2013 sai 2015 ya iso kwamfuta, Red Dead Redemption 2 daga 2018 sai 2019. Gem ɗin Sony su ma a makare suke zuwa, God of War na 2018 sai 2022. Series X ce na rasa wa zan ce ya saya, tunda gem ɗin Microsoft rana ɗaya suke fita da PC, wasu ma irin Forza Horizon 5 sun tsallako PS5 a 2025, sai dai in kana da tarin tsofaffin kasusuwan Xbox da kake son ci gaba da bugawa.

Kwamfuta kuwa ga wanda zai ci abinci da ita ce. In kana haɗa bidiyon biki, ko zanen fosta, ko kai ɗalibin injiniya ne mai AutoCAD, ko kana koyon rubuta manhaja, to kuɗin da ka zuba na aiki ne, gem ɗin kyauta ya zo maka, kuma za ka iya farawa da kad na hannu ka canza shi bayan shekara biyu ba tare da ka jefar da sauran ba. Laftof ɗin gem ka yi hattara da ita, RTX 4060 ta laftof ba ɗaya take da ta tebur ba, har a tsakanin laftof ɗin ma wata an ba kad ɗin wuta da yawa wata kaɗan alhali sunan ɗaya ne, kuma in ka cire caja gudunta faɗuwa yake, kar ka saya da tunanin batir zai riƙe ka in NEPA ta ɗauke.

In na hannu za ka saya, ko a Farm Centre ne a Kano ko Banex a Abuja ko wajen wani a Facebook, kar ka biya sai an kunna a gabanka. PS5 a jona ta da intanet ka shiga da akawun ɗinka don ka tabbatar ba a toshe ta ba, a saka kaset ka ji ya karanta, a bar gem mai nauyi ya yi kamar rabin awa ka saurari fanka, ka saki sandunan hannun ka ga ko ɗan wasan na tafiya shi kaɗai, ka kuma leƙa ramin HDMI ko ya yi lakwa-lakwa. Girafik kad na hannu ka tuna da yawa daga cikin 'yan 3060 da 3070 da ke yawo sun yi aikin haƙar kirifto dare da rana kafin kirifton Ethereum ta daina wannan tsarin a Satumban 2022, ba duka ne suka lalace ba amma a gwada shi da gem mai nauyi kana kallon zafinsa, kuma mai shago ya rubuta maka garanti a rasit ko da na sati biyu ne.