Sabon fulin kiranshaf a injin da aka yi wa aiki: abin da na gani

Corolla ce gare ni mai injin 1ZZ-FE, lita 1.8, irin ta 2003 zuwa 2008, kuma da ita nake zirga-zirga tsakanin Agege da Mile 12 a Legas. Da aka sauke injin aka zuba sabbin ring da gaskit da metal, wato matashin da kiranshaf (sandar ƙarfen da fistin ke juyawa) yake juyi a kansa, aka zo haɗawa, sai bakanikena ya tura tsohon fulin gaban kiranshaf, wato faifan da bel ke zagayawa a kansa, gefe ya ce, "Alhaji, wannan ba zai koma ba." Ya nuna mini da bakin sukundireba: robar da ke tsakiyarsa ta tsattsage, wani gefen ma ta bullo waje.

Mutane da yawa sun ɗauka aikin fulin nan jan bel kawai. Ƙarfe biyu ne, na ciki da zoben waje mai nauyi, roba ta haɗa su. Duk lokacin da silinda ta buga wuta, kiranshaf yakan ɗan murɗe ya dawo, robar da zoben su ke shanye wannan murɗiyar. In robar ta mutu, kan metal girgizar take komawa, wato kan abin da ka gama kashe wa kuɗi. Ga shi a wannan injin bel ɗaya ke jan altaneta da famfon ruwa da esi da famfon sitiyari, in zoben ya zame a tsakiyar cunkoson Oshodi, caji ya tafi, zafi ya hau.

A Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota, iri uku muka tarar. Akwai tokumbo, shi ya fi araha kuma shi aka fi tura mini. Ƙarfensa lafiya lau, amma ai roba nake nema, robar kuwa ta yi shekarun da motar da aka ciro shi ta yi. Wani da na duba da kyau, wuyansa inda sil, robar da ke hana mai zuba, ke zama har ya yi zagayen tsagi, farce na kamawa. Ka sa wannan a sabon sil, baƙin mai zai fara ɗiga, ka yi ta zargin wanda ya haɗa injin. Akwai kuma na alminiyam mara roba, mara nauyi, mai sheƙi, yaron shagon yana ta cewa, "Oga, mota za ta ƙara gudu." Ni ba tsere nake zuwa ba, kuma fulin da babu roba a jikinsa ba ya shanye komai.

Na ɗauki sabo na asali a kwalinsa, bayan mun gwada lambarsa da ta injin. Mun aza shi kan tsohon, faɗi ɗaya, ramukan bel daidai, gurbin kii da alamar tayimin wuri ɗaya. Da tsada, ba na musu, kuɗin ya ciji aljihu bayan na riga na zubar a aikin inji.

Wajen ɗaurawa na tsaya a kai. Ba a taɓa shi da guduma ba, domin duka yana lalata metal ɗin da ke hana kiranshaf wasa gaba da baya. An shafa ɗan mai a wuyan, ya shiga sumul, aka ɗaure bol ɗin da sifana mai awo zuwa 138 N·m (awon ƙarfin ɗauri ke nan), ba a bar shi ga ƙarfin damtsen yaran gareji ba. Sannan bakaniken ya ja layi da farin fenti daga ƙarfen ciki zuwa zoben waje. Ranar da layin ya rabu biyu, zoben ya fara zamewa ke nan.

Tun daga nan mota ta sha damina da gosulo, layin yana nan a miƙe. In ka buɗe bonet tana silo, fulin ba ya rawa, bel ba ya kuka ko an kunna esi, ƙasan injin a bushe. Ban ga ƙarin ƙarfi ba, ban ga ragin shan fetur ba, kada wani ya saye shi don wannan. Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne wahalar tantancewa: kwalin jabu da na gaske kamar an tsaga kara, sai da muka shiga shago ya fi ɗaya muna juya su a hannu muna jin nauyi. Duk mai zuwa saye ya riƙe tsohon fulinsa a leda, ya tafi da bakanikensa, kuma ya sa mai shago ya rubuta lambar kayan a rasit.