Kantocin katako a kicin: abin da na gani bayan hunturu da damina sun ratsa su

Wani kafinta mai rumfa a Sabon Gari, nan Damagaram, shi ya yi mini kantoci buɗaɗɗu a kicin, irin waɗanda ba ƙofa ba gilashi, katako ne kawai kwance a kan ƙarfe. Ban yi gaggawar rubuta komai a kansu ba. Sai da na bari hunturu ya bi ta kansu, bazara ta gasa su, damina ta sauka, domin katako ba ya nuna halinsa ranar da aka kafa shi. Na gamsu da aikin, kuma ko yau aka ce in sake zaɓe, su zan zaɓa. Amma duk mai son irinsu a garin nan akwai abubuwan da ya kamata ta sani kafin ta ba da kuɗin kafin alƙalami.

Salon da nake so shi ne wanda ake yawan gani a hotunan waya yanzu: bango fari tas, katako mai kauri da ake ganin jijiyarsa, baƙin ƙarfe, sai tukwanen ƙasa da kayan saƙa jefi-jefi. Gidan zamani, kayan karkara. Da na daɗe ina kallon hotunan sai na lura cewa abin da masu su ke wahalar nema, mu a ƙofar gida muke da shi. Iyayenmu sun yi jere tun kafin a haife mu, langa da tasa da kwalla har kusa da rufi, faya-fayai a bango, ƙore a ragaya. Bambancin kawai, jeren amarya yawa yake nunawa, gata ne da iyaye suka yi wa 'yarsu, kuma ni har gobe yana burge ni. Kicin kuwa wurin aiki ne. Abin da na nema shi ne kaya kaɗan, kowanne ina amfani da shi, kowanne kuma ido na jin daɗin ganinsa. Wani abu da ya sa hakan ya yiwu shi ne gas. Tun da matatar man fetur ta SORAZ ta fara aiki a 2011 tukunyar gas ta shiga gidaje da dama, girki ya koma cikin ɗaki. Da a murhun itace nake dafuwa, hayaƙi zai mai da farin bangon nan baƙi kafin wata ya zagayo.

Inda kafintan ya fara samun yardata shi ne wajen zaɓen katako. Yawancin katakon da ake sayarwa a garin nan daga kudu manyan motoci ke kawo shi, akwai fari mai araha, akwai ja mai nauyi da tsada. Ya gaya mini kai tsaye cewa farin abincin gara ne, kuma zai lanƙwashe in aka ɗora masa tukwane. Muka tsaya a kan ja. Daga baya ya kira maigidana ya ce mu zo mu ga wani abu. Ashe wani tsohon ƙyaure ne ya saya wurin mutanen da suka rushe ɗaki za su yi ginin siminti. Ya buga shi da bayan hannu ya ce, "Hajiya, wannan ya gama motsinsa tun ba a haife ni ba. Ba zai tsage ba, ba zai karkace ba." Daga jikinsa ya fitar da kanta biyu, sauran biyun na sabon jan katako ne.

Na tsohon ƙyauren su ne abin kallo a ɗakin. Akwai ramukan manyan ƙusoshin maƙera a jikinsu, kowane rami da baƙin zobe na tsatsa kewaye da shi, gefe guda kuma ya yi sumul inda hannuwa suka daɗe suna turawa. Ya so ya cike ramukan da garin katako da gam, na roƙe shi ya bar su. A nan zan ɗan ratse, domin abin yana damuna. Kada son tsohon katako ya sa mu fara ɓalle ƙyamaren gidajen tsofaffin unguwannin Birni da Zango da ke tsaye. Gidajen nan masu zane a fuska da zanko a kai, kusa da fadar sarki da ta tsaya tun tsakiyar ƙarni na 19, su ne shaidar garin da ya riƙe babban birnin Nijar har zuwa 1926. Abin da ya riga ya faɗi a tsince shi a ba shi sabon aiki, wanda ke tsaye a gyara shi a inda yake. Haka kuma ban yarda a sare gawo saboda ado ba, itacen da manoman Mirya da Magarya da Matamaye ke raino a gonakinsu don ya ƙara wa ƙasa ƙarfi.

Wajen kafawa ma ya yi aiki da hankali. Bangon kicin ɗina bulon siminti ne mai rami a ciki, kuma irinsa ba ya riƙe ƙusa in nauyi ya hau. Sai ya sa mai walda ya lanƙwasa ƙarfe mai faɗi, aka shafa masa baƙin fenti marar ƙyalli, ya fasa bangon ya cusa ƙafar kowane ƙarfe ya cike da siminti, ya ce kada a taɓa sai ya bushe sarai. Kaurin katakon santimita 3 ne, faɗinsa 25, tsakanin kanta da kanta 35, ƙarfe kuma kowane santimita 60. Faɗin nan ya yi mini daidai, faranti na zama, kuma ba ya bari a ɓoye wani abu bayan wani har a manta da shi. Da ya gama ya ɗora bokiti cike da ruwa a tsakiyar kowace kanta ya ce in duba da idona. Ko gezau.

Sai dai ba a rasa abin ƙorafi ba. Na farko alkawari. Ranar da ya sa ta wuce, wata ma ta wuce, kullum "gobe in Allah ya yarda, Hajiya", alhali kayan kicin ɗina na zube cikin kwalaye a tsakar gida. Da tun farko ya faɗi gaskiyar lokacin da aikin zai ci, da ban ji zafi ba. Na biyu, ya shafe kanta ɗaya da man nan mai sheƙi da suke shafa wa gadaje ba tare da ya tambaye ni ba, ta fito tana walƙiya, jijiyar katakon ta ɓace a ƙarƙashi. A ganinsa gyara ya yi mini, don yawancin masu ba shi aiki haka suke so. Sai da ya sake goge ta tas ya shafa mai marar ƙyalli wanda katako ke sha. Na uku ya fito ne da bazara: ɗaya daga cikin sababbin katakan bai gama bushewa ba, da zafin Afrilu ya kama sai gefenta ya ɗaga har kwalba na gangarowa. Na aika masa, ya zo ya duba, bai yi gardama ba, ya canza ta bai karɓi ko dala ba. Wannan ya wanke masa laifin jinkirin a wurina.

Yanzu ga babbar maganar, wadda hotunan waya ba sa faɗa: ƙura. Daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na busowa daga arewa maso gabas ta ratso hamada, kuma ba tagar da ke hana ta shiga. Ki goge kanta da safe, kafin la'asar kina iya rubuta sunanki da yatsa a kanta. A garin da ruwa ke wadace wannan ƙaramin abu ne, a ɗauraye kawai. Mu kuwa kowa ya san yadda ruwa yake a Damagaram, famfo ya yi kwanaki shiru, a koma jiran 'yan garuwa. Ba mai hankalin da za ta ƙarar da jarka wajen wanke kwanonin da ba a ci abinci a ciki ba. Saboda haka dokar da na kafa wa kantocin ita ce, abin da hannu ba ya taɓawa kullum ba ya hawa. Farantan da muke cin abinci, kofunan shayi, ludayi, muciya, maburgi, su ke sama, domin dama ana wanke su kowace rana, ƙura ba ta samun zama. Kulolin baƙi da tangaran na biki suna cikin rufaffen kabad a ƙasa. Duk wadda za ta yi wannan salo ta bar wa kanta kabad ko guda ɗaya, kada a ruɗe ta a cire duka.

Kayan miya kuma duk cikin kwalabe masu murfi suke. Ban sayi ko ɗaya ba, na mayonez da na zuma na tara na jiƙa na ɓare takardunsu. Kuka, busasshiyar kuɓewa, barkono, citta, kanumfari, zoɓorodo. Jere suke a kanta ta biyu, kuma su kaɗai sun isa ado: koren kuka kusa da jan barkono, ga zoɓorodo ja har ya yi duhu. Daddawa ita ma a rufe, saboda ƙamshinta na kama katako. Ƙore a kife nake ajiye su, wadda ke da abu a ciki kuma faifai na kanta, yadda aka saba tun kaka da kakanni. Sai na sa raga mai ƙananan ido a taga, ina kuma bi da ɗanyen tsumma, ba busasshe ba, don busasshe tayar da ƙurar kawai yake ta sake sauka. Abu guda da har yanzu ban ji daɗinsa ba shi ne ƙarshen kantar da ya matso kusa da murhun gas. Tururin mai na sauka a wurin, ƙura ta haɗu da shi ta zama danƙo, sai da ruwan zafi da sabulu yake fita. A bar tazara mai kyau tsakanin wuta da katako, don tsabta da kuma gudun gobara.

Kayan adon ba su ci kuɗi ba. Tukwanen ƙasa da kasko daga Mirya na kawo su ran kasuwar Lahadi, tafiyar kilomita 18 ce kawai, kuma matan da ke ginin tukwane a can hannunsu daban ne. Ki ƙwanƙwasa tukunya kafin ki biya, mai lafiya ƙara take yi garau, mai tsaga muryarta a dishe. Faya-fayai da ƙore da ludayin duma a kasuwar Dole na same su ranar Alhamis. Wajen jerawa na tsaya a launi kaɗan, jan ƙasa, fari, baƙi, da ruwan kaba. Dogon abu a baya, gajere a gaba, masu nauyi a kantar ƙasa, sannan a bar fili tsakanin rukuni da rukuni. Barin filin nan shi ya fi wuya, domin hannu na ƙaiƙayin cikewa. Akushin kakata, baƙi wuluk, shi kaɗai ne ya karya dokar amfanin kullum, yana kantar sama jingine da bango. Randa da tulu kuwa kada a kuskura a ɗora su a katako. Zufa suke yi, ita ce ma ke sanyaya ruwan, kuma laimar za ta ɓata katakon ta kira gara. Tawa na ƙasa a kusurwa, bisa kasko mai yashi.

Ranar da surukata ta fara shigowa ta tsaya ta dubi bangon ta ce, "'Yata, ina sauran kayan naki? Ko sayarwa kika yi?" Na ce, "Suna nan cikin kabad, Inna, waɗannan na aiki ne." Ba ta ce komai ba. Da ta sake zuwa sai ga ta da ragayar da ta saƙa da hannunta, ta sa jikanta ya hau kujera ya rataye a kusurwar da ke nesa da wuta. Ƙwaryar fura ke ciki yanzu, kyanwa ba ta kai wa, tururuwa ba ta hawa, kuma ta cike wani gurbi da kantocin suka bari a sama.

A falo ban yi wani abu mai yawa ba. Tabarmar kaba, matasan fata biyu na dukawan garin nan, faya-fayai uku a bango, shi ke nan.

Duka aikin kicin ɗin, katako da ƙarfe da ladan kafinta da na mai walda, ya tsaya mini jika 65 na sefa, ƙasa da abin da aka yanka mini na kabad mai ƙofofi a bango ɗaya. Zan tura wa kafintan wasu, amma da sharaɗi uku: a rubuta ranar gamawa, a riƙe wani kaso na kuɗin sai an kafa, a kuma faɗa masa ƙarara cewa ba a son sheƙi. A tambaye shi ko katakon ya bushe, in da hali a bar shi ya sha iska a inuwa kafin a yanka. Gidan da yara ƙanana ke da yawa a ɗaga kantar ƙasa sama da inda hannunsu ke kaiwa. Wadda kuma ta san ba ta da lokacin bin kanta da tsumma a hunturu, ko gidanta na bakin hanyar da ba kwalta, rufaffen kabad ya fi mata kwanciyar hankali, ta yi kanta guda ɗaya gajera don kwalaben kayan miya. Da damina kuma a riƙa leƙa bayan katakon da gindin bango, in aka ga siririyar hanyar laka tana hawa, gara ce, a kankare ta a sa magani tun ba ta kai ga katakon ba.